ANA kaɗai zan biya, ko in haɗa gwajin duka?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 23 ta kai wata biyar tana fama da ciwon gaɓoɓi, gashinta na zuba, ga wani tabo a kumatunta da ke ƙaruwa in ta sha rana. An yi ta ba ta maganin maleriya da taifot, shiru. Aka ce mu yi gwajin garkuwar jiki. A ɗakin gwaji sun ce akwai ANA shi kaɗai, akwai kuma babban haɗi mai tsada sosai. Wanne zan biya? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ta lafiya. Kada ki biya babban haɗin tukuna. Ki fara kai ta wurin likitan gaɓoɓi, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano, shi zai rubuta gwajin da ya dace.

Abin da kika lissafa yana sa likita ya yi tunanin cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, akasari masu shekarun haihuwa. Gwajin ANA yana neman sojojin jinin da suka ɓata hanya, suna kai wa ƙwayoyin jikin mutum hari. Sama da kashi 95 cikin 100 na masu lufus yana nunawa a jininsu, don haka in bai nuna ba, da wuya a ce ita ce, kin ga kuɗin haɗin ya tsira. In ya nuna, sai likita ya ƙara da wasu gwaje-gwajen jini biyu, anti-dsDNA da anti-Sm, waɗanda suka fi keɓanta da lufus.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane na tsallake gwaje-gwaje masu araha. A duba fitsarinta ko akwai furotin ko jini, a ƙirga ƙwayoyin jininta, a auna aikin ƙoda. Lufus na iya cin ƙoda a ɓoye, ba zafi ba alama, sai ƙafa ta fara kumbura. Gwajin fitsarin nan da ake rainawa shi ke tona ta da wuri.

Don Allah kada a saya mata magungunan rage kumburi irin su firedinisolon ko deksa a kemis kafin ta ga likita. Za ta ji sauƙi, amma alamun da likita ke nema za su ɓuya. Ki ɗauki hoton kumatun da waya ranar da tabon ya fito sosai, ki tafi da kwalayen duk magungunan da ta sha.

Tambaya: Na yi ANA don kaina, sakamako ya ce 1:40. Ba na jin ciwon komai, amma na kasa barci. Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka. Lambar nan tana nuna yawan tsarma jinin da aka yi kafin alamar ta ɓace, kuma 1:40 ƙasa take ƙwarai. Kusan mutum 1 cikin 3 masu ƙoshin lafiya na iya nuna hakan, a 1:160 kuwa kusan 5 cikin 100 ne. Ƙa'idar tantance lufus da likitocin Turai da Amurka suka fitar a 2019 ma daga 1:80 take farawa, kuma sai an haɗa da alamu a jiki. Tsufa, wasu cututtuka masu yaɗuwa, da magunguna irin su isoniyazid na tarin fuka duk suna iya sa ya nuna.

Kada ka sake kashe kuɗi kana maimaita shi. In wata rana ka ga gaɓoɓi sun kumbura, ko sun sandare da safe har fiye da rabin awa, ko gyambon baki da ke ta dawowa, ka ɗauki takardar ka je wurin likita.