Shekara Guda Bayan Ritaya: Yaya Zan Yi da Hotunana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne daga Zariya, na yi ritaya bara, kuma na shafe shekarar ina yawon buɗe ido da ɗaukar hoto, daga Yankari zuwa marinar Ƙofar Mata. Da na waiwaya, sai na ga yawancin hotunan sun yi dishi-dishi, ga su kuma jibge a waya. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dishi-dishin nan galibi aikin hazo ne, domin daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake ganin giwaye da gwaggon biri a bakin kogin Gaji da ke Yankari, ƙura tana disashe launi. Saboda haka ka riƙa fita da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka, ka kuma goge gilashin kyamara kafin kowane ɗauka. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ka matsa kusa ka ɗauki hannun marini da baba ya rina, domin ya fi hoton ramukan gaba ɗaya armashi, amma sai ka fara neman izininsa.

Game da adanawa kuwa, waya ba ma'ajiya ba ce. Ka kwafe su a kwamfuta ko Google Photos (ma'ajiyar hotuna ta intanet), ka wanke zaɓaɓɓu, ka rubuta wuri da kwanan wata a bayan kowanne.