Amsa ga 'yar'uwar da za ta je Kano sayayyar kayan Sallah

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki gabana yake faɗuwa, domin abin da kike shirin yi shi ne na yi a azumin 2024, kuma har yau abin bai bar raina ba. Kin ce za ki taso daga wajen Azare ki yi kwana biyu a Kano cikin goman ƙarshe na azumi, da kuɗinki da na maƙwabtan da suka ba ki sautu, kina tambaya ko kwana biyun za su isa, da kuma kasuwar da ya kamata ki fara shiga. Kwana biyu suna isa, amma ba a goman ƙarshe ba. Don girman Allah, idan da hali ki matso da tafiyar nan zuwa goman farko, kuma kada ki taso ranar Juma'a.

Ni ranar Juma'a na taso, azumi yana da kwana 26, Sallah kuwa ta kama ranar Laraba 10 ga Afrilu. Na manta shaf cewa Juma'a ce ranar kasuwar Wudil. Mun wuce Jama'are da Kiyawa da Shuwarin lafiya lau, muna isowa Wudil muka tarar da manyan motocin shanu sun cushe hanya tun kafin gada, muka yi ta tafiyar hawainiya cikin zafin nan na Afrilu da ke sa mai azumi ganin duhu-duhu. Kafin in sauka in sami adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari, an fara rufe shaguna ana tafiya masallaci. Na zauna a bakin wata rumfa ina jira, rabin yinina ya riga ya tafi, ga kuɗin mutum huɗu a jikina ban da nawa.

Da aka sauko daga masallaci sai kasuwa ta cika ta batse, ba masaka tsinke. 'Yan dako suna ta "a ba da hanya", masu baro suna bugun ƙafafun mutane, ni kuwa leɓɓana sun bushe, jiri yana ɗibata. A cikin wannan hali wani saurayi ya tare ni, da fararen kaya tas da carbi a hannu, ya ce, "Sannu Mama, kin gaji, zo ki zauna a inuwa, duk abin da kike nema a kawo miki." Ya kai ni bakin wani shago, ya jawo mini benci, ya juyo mini da fanka. Na ɗauka ɗan mai shagon ne, domin yadda yake shiga yana fita da kaya babu wanda ya ce masa kanzil. Ashe irin dillalan nan ne da ake kira 'yan kayi-nayi, waɗanda ba su da ko ƙyalle a kasuwar, sai dai su karɓo a wurin masu shago su ɗora ribarsu.

Kada ki ce ban duba kaya ba. Na duba. Na murza atamfa a hannuna, na ɗaga ta sama na ga kaurinta, na karanta rubutun bakinta, na sa aka warware turmi ɗaya aka auna mini yadi shida cif. Na taya, ya yi albarka, na ƙara, ya sallama. Turmi tara na zaɓa, da shaddar maigida da leshi biyu. Na tura kuɗi ta waya zuwa asusun da ya ba ni, ban ma lura cewa sunan da ya fito ba shi ne a jikin allon shagon ba. Daga nan ya ce bari ya shiga ciki a ɗaure mini su da kyau saboda hanya. Ya dawo da jakar bakko an tamke ta da igiya, ya ce kada in buɗe a kasuwa saboda ɓarayi sun yi yawa a irin wannan lokaci. Wallahi har addu'a na yi masa. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi mace ta gari, na kuma ciro tukwici na ba shi, ya sa hannu biyu ya karɓa yana cewa amin.

Sai ranar Lahadi da safe, a tsakar gidana, matan da suka ba ni sautu suna zaune a kan tabarma, na yanke igiyar nan. Turmi huɗu ba su ne na zaɓa ba. Zanen iri ɗaya ne, kalar ma kusan ɗaya, amma shara-shara, kana hango hannunka ta ciki, da aka jiƙa gefen ɗaya sai ruwan ya rine nan take. Biyu daga cikinsu ko yadi shida ba su kai ba. A cikin huɗun nan har da na maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar mata marayu uku, wadda ta tara kuɗin nan da suyar awara a ƙofar gida, ta zuba adashe wata da watanni don 'ya'yanta mata su fita da anko ranar Idi kamar 'ya'yan kowa. Ba ta ce mini komai ba. Ta ɗauki atamfar ta juya ta, ta ninke, ta ce, "Ba komai Yaya, haka Allah ya so." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifiyata, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tunanin cewa wata a cikinsu za ta iya zargin ni na canja kayan na ci ribar. Na kira lambar yaron nan ya fi sau ashirin, a kashe. Bayan Sallah ƙanin maigidana ya je har shagon, mai shagon ya rantse bai san ko gidansu ba, ni kuma ba ni da rasit. Akuyata da 'ya'yanta biyu na sayar na biya matan nan. A cikin watan Ramadan, da bakin azumi, mutum ya kira ni Mama ya yi mini haka. Na bar shi da Allah, amma ban iya cewa na yafe ba tukuna.

Ba ina ɓata 'yan kasuwar ba ne, mafi yawansu mutanen kirki ne masu amana, kuma na koma bara na yi sayayya lafiya. Abin da nake roƙonki shi ne ki shiga cikin shago ki tambayi mai shi da bakinki, ki biya shi hannu da hannu ko a asusun da ke ɗauke da sunansa, ki karɓi rasit mai lambar shago. Kayan da kika biya kuɗinsu kada su bar idonki ko na ƙiftawa ɗaya, a ɗaure su a gabanki. Ki tafi da tef ɗin awo a jaka, ki auna kowane turmi, kada ki ji kunyar masu jira.

Game da inda za ki fara, ki kwana a Kano tukuna, ki shiga Kwari da safe kafin rana ta take, ki gama da atamfa da shadda da leshi a ranar farko tun kanki yana tare da ke. Takalma da jakunkuna da kayan kwalliya ki bar su sai rana ta biyu a kasuwar Sabon Gari, ba ta da nisa daga nan. Kada ki ɗauki yara, cunkoson ya fi ƙarfinsu. Ki auna ƙafar kowane yaro da tsinken tsintsiya, ki karya daidai tsawonta, ki ɗaura masa ƙyalle mai launi dabam don kada su rikice miki. Idan lokaci ya ragu ki leƙa Kurmi a cikin birni saboda turaren wuta da hulunan yara, robobi kuwa sai Ƙofar Wambai. Ni dai ban ba ki shawarar shiga Singa ki jibgo fulawa da sukari da mai ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin da direba zai caje ki na kaya yana iya cinye ɗan rangwamen da kika samu. Acaɓa an hana shi a Kano tun 2013, adaidaita za ki hau, ki yi ciniki da shi kafin ki zauna, kuma jakarki ta kasance a kan cinyarki ta ɓangaren ciki.

Kuɗin sautu kuma ki rubuta na kowa a littafi a gabanta, da irin abin da take so, idan kin zaɓa ki ɗauki hotonsa ki tura mata tun kina shagon. Ki riƙe tsabar kuɗi kaɗan a wuri biyu, saboda sabis yakan ɗauke a kasuwa idan mutane sun yi yawa, masu POS kuma layi ne. Wadda kika san abin hannunta ke nan ba ta da wani, ki yi tunani sosai kafin ki karɓi nata, ko ki ja ta ku tafi tare.

Wani abin da ya ƙara mini ciwo a waccan shekara shi ne tela. Ko kayan da suka zo daidai, ranar Lahadi saura kwana uku Sallah wane tela ne zai karɓa? Telanmu na shekara da shekaru ya ce ya rufe karɓar ɗinki tun azumi yana goma sha biyar, na yi magiya har na gaji, ƙarshe 'yata ƙarama da kayan bara ta je Idi, hannun rigar ya ɗage mata. Saboda haka tun yau ki aika a tambayo telanki ranar da zai rufe, sannan ki tsayar da ranar tafiya. Idan kuma azumin ya yi miki tsanani a hanya, kin san Allah ya yi wa matafiyi sauƙi ya sha ya rama, kada ki yi ciniki da kuɗin mutane alhali jiri yana ɗibarki. Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya, ya haɗa ki da masu tsoronsa.