Tambaya da Amsa: Fayil ɗin tsari da sandunan Optane

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci a wani ofishi a nan Maradi. Mun sayi uwar garke guda biyu na hannu, iri ɗaya, kowace da sandunan Intel Optane shida masu gigabait 128. Wanda na gada a aikin ya tsara ta farko da ipmctl, manhajar tsara sandunan, ya ajiye tsarin a fayil a kan kle, ya tafi Yamai. Ta biyu kuwa an yi mata wani tsari daban, kuma mun riga mun zuba mata takardun lissafi na wata uku. Ina so in ɗora mata tsarin ta farko don su zama ɗaya. Takardun za su taɓu? Kuma in ta farko ta lalace, fayil ɗin nan zai dawo mana da kayanmu?

Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗauke hannunka daga kan madannai tukuna. Amsar ta farko i, za su taɓu, su tafi gaba ɗaya. Amsar ta biyu a'a.

Buɗe fayil ɗin da kowace manhajar rubutu ka gani da idonka. Layi ɗaya ne a sama mai sunayen ginshiƙai, sai layi ɗaya ga kowace sanda: firosesar da take ƙarƙashinta, lambar gurbinta, girmanta, nawa aka ware ya yi aikin ram, nawa aka ware ya riƙe bayanai. Shi ke nan. Ɗan ƙaramin fayil ne, ba shi da wani nauyi. Kamar takardar da mai sito a babbar kasuwa ke ba magini ce, ya ce masa raba mini nan, gero a gabas, wake a yamma. Takardar ba ta ɗauke da buhu ko ɗaya. In kuma ka kai ta sito mai kaya ka ce a bi ta, sai an rushe katangar da ke tsaye kafin a tada sabuwa.

Dalilin da ya sa mutane ke ruɗewa shi ne sandar kanta. Ka gan ta kamar ram, gurbin DDR4 take shiga, gefe da gefe da ram na gaske, amma ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Intel ta fito da ita a 2019 tare da firosesar Xeon Scalable zubi na biyu, girma uku: 128, 256 da 512. Aiki biyu take yi. A Memory Mode tana zama ram mai yawa, ram na gaske kuma ya koma mai tare mata gaba don sauri. A nan ko ƙwaya ba ta riƙewa bayan an kashe, domin mabuɗin da ake kulle bayanan da shi sabo ake yi a kowace kunnawa. A App Direct ne take riƙo kamar faifai. Tun da ka ce takardunku na zaune a kanta wata uku, kuma na san sau nawa kuran ke tafiya a garin nan cikin wata uku, to taka tana App Direct, ko dai wani sashe nata.

Abin da ipmctl ke yi in ka ba shi fayil, ba ya sāke komai nan take. Niyya yake rubutawa a wani ɗan lungu cikin sandunan su kansu. Sai an kashe an kunna, BIOS, wato manhajar da ke fara tada injin, ya karanta niyyar, ya duba ko za ta yiwu, sannan ya aiwatar. Wannan tazara rahama ce. Matuƙar ba ka sake kunnawa ba, ipmctl delete -goal zai janye niyyar. Amma kada wannan ya ba ka ƙarfin gwiwa, don kafin ma ya yarda ya rubuta niyyar sai ka share ɗakunan ajiyar da ke kan sandunan, kuma a nan kayan ke salwanta.

Ga yadda nake yi in aikin ya zo hannuna. Na kwashe komai zuwa faifai na waje, in kai shi wata kwamfuta, in buɗe fayil uku ko huɗu in ga lallai suna buɗewa. Kwafin da ba a gwada ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba. Sai in ajiye tsarin da uwar garke ta biyu ke kai yanzu, ko da ba na son sa, da ipmctl dump -destination tsoho.csv -system -config, saboda hanyar komawa. Sai ipmctl show -topology, mai nuna abin da ke kowane gurbi, a kan injunan biyu, in jera sakamakon in bi layi-layi. Daga nan in sauke /dev/pmem0 da 'yan uwansa, wato ɗakunan ajiyar nan, in koma ga ndctl, manhajar da ke kula da su, in yi ndctl disable-namespace all, in bi da ndctl destroy-namespace all. Sannan ne nake rubuta ipmctl load -source tsari.csv -goal, inda tsari.csv shi ne fayil ɗin ta farko. Zai nuna maka jadawalin abin da zai yi, ya tambaye ka ko ka yarda. Karanta shi. Akwai -f da ke tsallake tambayar, kuma yara masu gaggawa na son sa. Ni ban taɓa ganin amfanin sa ga mai inji biyu ba.

Bari in tsaya a kan maganar jera sakamakon nan, don a nan na taɓa shan kunya. Wata shekara da hunturu, ƙura ta cika mana wata uwar garke har fanka na kuka kamar injin niƙa. Na sa yaron shagona ya zare sandunan ya hure su ya mayar. Ya mayar da su tsaf, sai dai ɗaya ta koma gurbin da ba nata ba, ta yi musanya da ram. A ido ba ka ganewa, duk baƙaƙe ne a jere. Na ɗora fayil ɗin da na tabbata da shi, abu ya ƙi. Na zargi fayil, na zargi kle, na zargi mai sayarwa, tun bayan azahar har aka kira magariba. Da na haska tocila na karanta lambobin da ke rubuce a jikin allon ne na ga ɓarnar. Fayil ɗin gurbi yake kira da lamba, bai san ka yi shara ba. Tun ranar nake manna 'yar takarda mai lamba a kan kowace sanda kafin a taɓa ta.

Abu na biyu da ke hana ruwa gudu, musamman ga kayan hannu irin naku, shi ne kalmar sirri. In wanda ya yi amfani da su a can ya kulle sandunan, tsarin ba zai shiga ba sai an cire kullen. Duba da ipmctl show -dimm, akwai ginshiƙin da ke faɗin halin kulle. Haka kuma ba a tsara rabin sandunan firosesa ɗaya a bar rabi. Ko duka ko ya ƙi.

In komai ya tafi daidai, ka tada gurup ko ka tabbata batirin ajiye wuta ya cika kafin ka sake kunnawa. Kunnawar farko takan jima, allo baƙi, kada ka danna komai. Bayan ta tashi, ipmctl show -memoryresources zai nuna maka rabon, show -region kuma ya nuna yankunan da aka ware su riƙe bayanai. Kada ka firgita in ka ga sandar 128 tana nuna kusan 126. Haka suke, ba a cuce ku ba. Sai ndctl create-namespace don gina sabon ɗakin ajiya, ka yi masa tsarin fayil na ext4 ko xfs, ka mayar da takardunku. Fayil ɗin bai san wannan sashen ba sam, da hannu za ka yi shi.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zan faɗa: in tsarin ta farko na saƙa sanduna shida wuri ɗaya ne, to kowane fayil naku a yayyanke yake a kan shidan. Sauri kam akwai. Amma ɗaya ta mutu, yankin duka ya tafi. Don haka takardun lissafi su kwana a wuri biyu kullum.

TAMBAYA

Malam, na ga sandunan nan da araha a wajen masu kawo kaya daga Kano. In saya wa kwamfutar shagona?

Wata mai karatu, Sabon Gari, Maradi

AMSA

Hajiya, bar kuɗinki. Za ta shiga gurbin, amma kwamfutar teburi ba za ta gane ta ba; sai uwar garke mai irin firosesar da aka yi ta dominta, kuma sandunan Optane zubin farko ba sa aiki a injin da aka yi domin sandunan zubi na biyu. Arahar kuwa tana da dalili: a watan Yulin 2022 Intel ta sanar da cewa za ta naɗe harkar Optane. Wanda zan ce ya saya shi ne mai tambayar farko, ya ajiye guda ɗaya mai 128 a aljihun tebur. Ke kuwa SSD za ki sa, ki ƙara ram.