Tambayi Likita: Ina da ciwon suga, zan iya yin tatu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita, sannu da ƙoƙari. Ni matashi ne ɗan shekara 27, ina zaune a Agege ina gyaran waya a Computer Village, shekara 4 kenan ina fama da ciwon suga kuma allurar insulin nake yi safe da yamma. Wallahi tun da mahaifiyata ta rasu nake so a rubuta min sunanta a ƙwaurina na dama, wani mai tatu a layinmu ya ce ba komai ai yana da kwastomomi masu suga da yawa, amma abokina ya tsorata ni wai har ƙafa ake yankewa. Dan Allah meye gaskiya? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta. Hukuncin tatu a addini kam na malamai ne, kuma na san ka san ba su yarda da shi ba, sai ka zauna da su. Ni bangaren lafiya zan faɗa maka.

Mai tatun nan ba shi zai yi jinyarka ba, ka fara riƙe wannan. Tatu ai rauni ne, allura ce take huda fata dubban sau tana zuba tawada, kamar dai shasshawar da wanzamai suke yi a da. Mai lafiya saman fatarsa kan warke cikin sati 2 zuwa 4, amma idan suga ya yi yawa a jini sojojin jiki sanyi suke yi, jini baya isa wurin yadda ya kamata, sai ciwo ya daɗe a buɗe ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Shi ya sa ba gwajin da kake yi da safe a yatsa zan duba ba, akwai gwajin HbA1c da yake nuna yadda suganka ya kasance cikin kusan wata 3, ana yinsa a LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke nan Ikeja kusa da kai, da manyan ɗakunan gwaji. Ga yawancin manya ana so ya tsaya wajen kashi 7 ko ƙasa. In naka ya haura sosai to ka ajiye maganar tatu gaba ɗaya sai ya sauko.

Amma ƙwauri? A'a, ko suganka ya daidaita ban yarda ba. Ƙafa da idon sawu da ƙwauri su ne inda ciwon suga ya fi lalata jijiyoyi, jini baya gudu sosai, wani ma ciwo na cinsa baya jin zafi sai ya ji wari, abokinka bai yi ƙarya ba daga ƙaramin gyambo ake kaiwa ga yanke ƙafa. Kuma kai da kake Legas, damina ta zo ka tsoma ƙafa a ruwan kwata kafin ka hau motar haya ta danfo, ga gumi ga cunkoso, da sabon rauni a ƙwauri, haba ƙanena. Haka wuraren da kake yin allura, ciki da cinya da bayan dantse, su ma a bar su.

In ka dage sai ka yi a wani wurin daban, likitanka ya fara amincewa, a buɗe sabuwar allura a gabanka, sabuwar tawada, mai yin ya sa safar hannu, don ciwon hanta na B da C da HIV duk ta allura suke bi. Ka ci abinci kafin ka je, ka tafi da na'urar gwajinka da lemon kwalba ko alawa, zaman yana daɗewa suga zai iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar ka fara rawar jiki da gumi, wani kuma zafin ne yake sa nasa ya hau. Ka faɗa wa mai yin kana da suga, ba abin kunya bane.

Kar kuma wani ya ce maka baƙin lalle ya fi sauƙi, da yawa ana haɗa shi da sinadarin rinin gashi mai ƙona fata, jan lallen gargajiya ya fi shi aminci.

Bayan an yi, in ka ga ja yana yaɗuwa, wurin ya kumbura ya yi zafi, mugunya ko zazzaɓi, ko suga ya ƙi sauka ba dalili, asibiti za ka nufa a ranar, kar ka tsaya kemis a haɗa maka kafso.