Ƙarfen wuƙa da na adda: amsoshi ga manoma

Wani mai renon dashen mangwaro a Zariya ya aiko cewa yana son wuƙar auren dashe, wato wadda ake yankan reshe da ita don a haɗa shi da wata bishiya, mai riƙe kaifi. Ya ga ana rubuta 1095 da 1075 da 5160 a jikin wuƙaƙen waje, to wanne ya fi?

Malam, lambobin nan ba su da wuyar karantawa. A jerin da ya fara da 10, lambobi biyu na ƙarshe su ne yawan kabon, sinadarin da ke taurara ƙarfe: 1095 na da wajen kashi 0.95 cikin ɗari, 1075 wajen 0.75, 1055 wajen 0.55. Yawan kabon na ƙara tauri da riƙe kaifi, amma yana rage juriyar duka. Auren mangwaro yanka ne na jan hannu ɗaya a ɗanyen reshe, babu sara, don haka 1095 ne naka. A wasa ta gefe ɗaya, bakin ya yi siriri, kusurwar ta tsaya wajen digiri 20. In tana aske gashin hannu ta isa. In sai ka yi ja biyu ko uku kafin reshe ya yanku, fuskar yankan ba za ta kwanta a jikin uwar dashen da za a haɗa shi da ita ba, auren kuma ba zai kama ba.

Shi 5160 na wani aikin ne. Kabon ɗinsa wajen 0.60 ne, da ɗan sinadarin kuromiyom ƙasa da kashi 1, kuma shi ne aka fi sani a sifirin mota. Kaifinsa bai kai na 1095 daɗewa ba, amma sai ka sari itace yini guda bai yi giɓi ba. Wannan na adda ne da gatari da barandami. Masu yin adda a kamfani ma tsakiya suke bi: Tramontina ta Barazil da 1070 take yin tata. Akwai kuma 52100, ƙarfen boris, mai kabon wajen kashi 1 da kuromiyom wajen 1.5. Yana yin wuƙar fawa mai kyau, sai dai yana wahalar da hannu a uwar maƙera, kuma ba kowane maƙeri ke iya ba shi ruwa, wato taurara shi bayan ƙira, daidai ba.

Wani daga Funtua ya tambaya ko rodin gini zai yi lauje. A'a, kabon ɗinsa kaɗan ne, ko an ba shi ruwa ba zai riƙe baki ba. Ka bar shi ga turke da ƙugiya.

Daga Kura, wani manomin shinkafa ya rubuto cikin ɓacin rai: an ƙera masa adda da sifirin mota, ta yi kyau mako biyu, ya kai ta wurin mai injin washi, yanzu bakin lanƙwashewa yake ko a ciyawa. Yana zargin maƙeri ya cuce shi.

Ba maƙeri ba ne, Malam, kai da mai injin kuka kashe ta. Wasiƙa irin wannan ta fi kowacce zuwa, don haka bari a fayyace. Taurin adda a wuta ake samun sa, mataki biyu. Da farko maƙeri zai zuga gawayi, na ƙirya in da hali, har ƙarfen ya yi ja ya daina kama maganaɗisu, wato wajen digiri 770 a ma'aunin Selshiyos. Sai ya ɗan ƙara masa kaɗan zuwa 800 ko 830, ya tsoma a mai mai ɗumi. A nan ƙarfen ya yi tauri ƙwarai, magagari ma zamewa yake a kansa, amma in ya faɗi ƙasa sai ya tsage. Mataki na biyu shi ne a goge shi ya yi fari, a mayar da shi kan wuta a hankali ana kallon launi. Ruwan ɗorawa mai haske, wajen digiri 220, shi ne na wuƙa. Ruwan ƙasa zuwa shuɗi, daga 250 zuwa 300, na abin da zai sha duka ne. In zafi ya wuce nan, taurin ya tafi.

To bakin adda siriri ne, ba shi da naman da zai shanye zafi. Daƙiƙa kaɗan a kan busasshen dutsen inji sun isa su kai shi abin da ya wuce 300. Ka duba addarka: in akwai shuɗi-shuɗi ko baƙi a gefen baki, ga shaidar nan. Mai injin yana sauri ne saboda layi, yana danna ta da ƙarfi, kai kuma kana tsaye kana jin daɗin tartsatsi. Gyaran shi ne a cinye wurin da ya ƙone da magagari, milimita ɗaya ko biyu, har ka ji ƙarfen ya fara gardama. In ƙunar ta yi nisa, sai a cire ƙota a sake ba ta ruwa daga farko. Daga yau magagari da dutsen washi da ruwa. In dole sai inji, a ajiye bokiti a gefe, a tsoma bayan kowane ja, kuma da zarar yatsa ya kasa jure taɓa ta, a tsaya. Kada kuma a sirance bakin adda kamar na wuƙar aure. Digiri 25 zuwa 30 a kowane gefe ya fi jure sara.

Tun da an zo kan ban ruwa: ruwan sanyi yana tsaga sifirin, musamman a safiyar hunturu. Man gyaɗa da aka ɗumama ya fi aminci. Baƙin man inji yana ci da wuta, hayaƙinsa kuma guba ne, bai dace da wuƙar da za ta taɓa abinci ba. Tsohon sifirin kan zo da tsaga a ɓoye kusa da ramin ƙusa, a yanke wurin a yar. Kuma ba kowane sifirin ne 5160 ba, shi ya sa maƙerin kirki yake fara gwada ɗan guntu.

Wata mai lambu a Jos ta ce tsohon magagarin da aka ƙera mata wuƙa da shi ya ƙi yin kaifi. Hajiya, wasu magagarai masu araha fatarsu kaɗai aka taurara, cikin kuwa laushi ne. A kara shi a dutsen inji kafin a ƙera: mai kabon da yawa tartsatsinsa fashewa yake yana rassa, mai laushi kuwa dogayen layuka yake fitarwa.

Sai mai ayaba daga Kafanchan, da ke sayen feshin hana tsatsa na gwangwani duk wata, yana kuma jiƙa wuƙaƙensa a bilic, ruwan faranta tufafi, don kada su yaɗa cuta daga gindi zuwa gindi. Tsabtace wuƙa tsakanin bishiyoyi daidai ne, amma bilic yana cin irin wannan ƙarfe, yana barin ƙananan ramuka a baki. In ka yi amfani da shi, ka ɗauraye ka tsane nan take. Ga wuƙar aure, sifirit a auduga ya wadatar. Kada ka gasa baki a harshen wuta har ya sauya launi, ka ji abin da ya sami addar Kura. Kuɗin feshin kuwa ka riƙe abinka: goge ruwan itacen tun bai bushe ba, shafa ɗan man kaɗanya, kada ka mayar da ita kube da danshi. Launin toka-toka da ke hawa jikin wuƙa bayan yankan lemo ko albasa ba illa ba ne, yana ma ɗan kare ta. Jar tsatsa ce ake cirewa, da toka da tsumma mai ɗan mai.