Kafin a goge miki kwamfuta, nemi kile biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, shekarar ƙarshe. Tun ranar Talata kwamfutata HP ta ƙi tashi: ta nuna tambarin Windows, ta yi ta juyi, sai ta koma farko. Memwar ɗina babi uku yana ciki, ban ajiye shi ko'ina ba. Mai gyara ya ce sai an goge komai an sake zuba Windows. Da wata dabara?
Hadiza, Garin Malam

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Karɓo kwamfutarki tukuna, kada a taɓa ta. Windows ce ta ƙi tashi, amma wannan bai nuna cewa takardunki sun ɓace ba. Galibi suna nan kwance cikin diski, hanyar isa gare su ce ta toshe.

Kwamfuta ba ta damu da inda za ta tashi ba. In kin ce mata ta tashi daga kile, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira filash, can za ta tashi. Ana zuba Linux cikakkiya a kile (Linux manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows), ta yi aiki cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ba tare da ta rubuta komai a diskinki ba. Kamar baƙon da ya zo da tabarmarsa da butarsa ne: ya shimfiɗa a zaure, in zai tafi ya naɗe kayansa. Dabarar ta daɗe. Tun shekarar 2000 Bajamushe Klaus Knopper ya fitar da Knoppix, wadda ke tashi daga faifan CD.

Kile biyu za ki nema. Na farko mai giga 8, kuma ki tabbata ba abin da kike so a ciki, don za a share shi tas. Na biyu na kwashe takardu ne. A kwamfutar wata ƙawarki ki sauko da Linux Mint, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, daga shafinsu, nauyinta wajen giga 3 ne. Ubuntu ma tana yi, sai dai ta 24.04 ta kusa giga 6, ni kuwa ina tausayin forfenki. Sannan ki sauko da ƙaramar manhaja mai suna Rufus, ki nuna mata fayil ɗin da kilen, ta rubuta. Kwafa fayil ɗin kawai zuwa kile ba ya yi, nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Ki soka kilen, ki kunna kwamfutar, ki yi ta danna F9 tun kafin tambarin HP ya ɓace. A Dell da Lenovo F12 ne. Zaɓi sunan kilen, sannan Start Linux Mint. In ta buɗe za ki ga wani gunki da aka rubuta Install Linux Mint. Shi kaɗai ne abin tsoro, don shi ke zuba Linux cikin diskinki, kada hannunki ya je kusa da shi. Buɗe diskin Windows ɗin, ki shiga Users, sai sunanki, sai Documents. In Windows ɗinki ta Faransanci ce kin saba ganin Utilisateurs da Bureau, amma a nan Users da Desktop za ki gani, kada ki ɗauka an yi miki sata. Kwashe memwar ɗin zuwa kile na biyu, ki buɗe shi a wata kwamfuta ki ga ya buɗu. Daga nan mai gyara ya yi abin da ya ga dama.

Abu biyu ke iya hana ruwa gudu. In diskin yana kulle da BitLocker, wato makullin diski na Windows, zai tambaye ki mabuɗi mai lamba 48, kuma yawanci yana cikin asusunki na Microsoft. In kuwa kina jin ƙas-ƙas-ƙas daga cikin kwamfutar, diskin ne kansa ke mutuwa. Ki fara kwashe memwar kafin hotunan biki, don ba a san minti nawa ya rage masa ba.

Tambaya: Ina da tsohuwar Dell mai RAM giga 2, diskinta ya mutu. Zan iya aiki da kile kawai kullum?
Malam Isufu, Zango

Amsa: Za ka iya, Malam, amma ban so maka shi na dindindin ba. Irin wannan tashi ba ya riƙe komai: ka kashe, ko wuta ta ɗauke batir babu rai, duk abin da ka rubuta ya tafi, har lambar wifi. Rufus yana da wurin ware wani sashe na kilen don ajiya, sai dai yawan rubutu na gajiyar da kile mai arha, ga shi kasuwa cike take da jabu, a rubuta giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Gwada shi da H2testw, manhajar da ke auna ainihin cikin kile, kafin ka amince masa.

Ga mai giga 2, Puppy Linux ta fi dacewa. Barry Kauler na Ostireliya ya fara ta a 2003, ƴan ɗaruruwan mega ce kawai, kuma tana shigewa RAM gaba ɗaya. In ka tara ƴan jakunkuna, sayi ƙaramin diski irin SSD a saka maka, ka huta.

Af, in madannanka irin na Faransa ne, ka danna A ta fito Q, ba lalacewa ba ce. Je saitin madannai ka zaɓi na Faransanci.

Tambaya: In na je siber, zan iya tashin kwamfutarsu da kilena don kada a ga sirrina?
Wani mai karatu, Birni

Amsa: Akwai wata Linux mai suna Tails, wadda don haka aka yi ta, tana manta komai da zarar ka kashe. Amma kwamfutar ba taka ba ce. Tambayi mai siber ɗin tukuna, kuma kada ka yi mamaki in ya ce a'a: a wurare da yawa manhajar da ke ƙirga masa lokaci cikin Windows take, kai kuwa ka tsallake ta.