Amsa game da cocin Las Lajas

Ɗan'uwa, ka tambaya ko labarin cocin Las Lajas na ƙasar Kolombiya tarihi ne ko labarin baka, kuma a ganina ya kamata a raba su. Ginin da ake gani yanzu an yi shi tsakanin 1916 da 1949 a kwazazzabon kogin Guáitara, kusa da garin Ipiales, kuma dutsen kansa ne bangon bayan bagadi. Labarin baka kuwa ya ce a 1754 María Mueses ta fake wa hadari a wurin tare da 'yarta Rosa, wadda kurma ce kuma bebiya, sai yarinyar ta buɗe baki tana nuna surar Maryamu uwar Yesu a jikin dutsen. Har yau masu ziyara suna manna allunan godiya a bangon hanyar sauka.